Rarar Irin Tumatir: Lissafin Bature da Hannun Manomin Kadawa

A Ingila, da zarar watan Maris ya kama, masu ƙananan lambunan da ƙaramar hukuma ke ba mazauna gari haya ba su da zancen da ya wuce ƙwayar tumatir nawa za su shuka. Ba wasa suke yi ba. Mutum zai zauna da fensir da takarda: gindi 6 yake so, to zai shuka ƙwaya 8 ko 10. In irin ya kwana biyu a aljihun tebur, sai ya ninka.

Wanda ya tashi a ƙasar Kano, ya ga yadda ake rainon iri a Kadawa da Kura da Garun Malam, zai yi mamakin wannan ƙididdiga. A can manomin rani ba ya ƙirga ƙwaya. Yakan gyara fangali a ƙarshen damina, ya zuba taki, ya ɗebi iri a tafin hannu ya yafa, ya lulluɓe da ciyawa, ya bi da ruwa safe da yamma. Bayan mako 4 ko 5 sai a ciro a dasa. Giram ɗaya na irin tumatir yakan kai ƙwaya 300, don haka abin da hannu ya ɗiba sau ɗaya dubbai ne.

Kowane ɓangare da dalilinsa. Bature sanyi ne ya ɗaure shi. Tumatir yana son ɗumin da ya kai digiri 18 zuwa 21 kafin ya tsiro, kuma ba a fitar da shi waje sai ƙarshen Mayu, lokacin da raɓa ta daina daskarewa da dare. Tsawon wata biyu ke nan shukar tana cikin ɗaki, a bakin taga. Taga kuwa ba ta da faɗi. In ka cika ta da tukwane, sai tsiron ya yi ta miƙewa neman haske, ya yi tsawo, ya zama siriri fari-fari, har ya langaɓe. Ga tsada: ƙunshin irin aure kamar Sungold sau da yawa ƙwaya 10 ce kacal a ciki. In kuma ka yi ƙoro, dodon-koɗi ya cinye maka gindi biyu a daren farko na Yuni, to sake shuka ya makara, sai dai ka saya.

Manominmu kuwa fili da rana ba su gagare shi ba, kuma irin Roma ko UTC yana iya tsame shi daga tumatirin bara ya shanya. Haɗarinsa ne ya fi yawa: tsuntsu, da fara, da akuya, da ruwan da zai kwanta ya ruɓar da gindin tsiro, da zafin ranar dashe. Waɗanda suka ga ɓarnar tsutsar tumatir da ake kira sharon a 2016, wadda ta sa jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci kan tumatir, ba sa buƙatar a faɗa musu amfanin ajiye rara. Wanda ya yafa da yawa yana da abin cike gurbi in dashe ya mutu.

Sai dai cunkoso yana da nasa sharrin ko a fili. Iri in ya yi kauri a fangali, raunana yake fitarwa, cuta kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da haihuwar yuyuyu, gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara. Yanzu da irin aure mai tsada ya shigo kasuwanninmu, wasu har sun koma raino a faranti mai ramuka, ƙwaya ɗaya a kowane rami, lissafin nan na Bature ya zama namu. Matar da ke son gindi 10 a buhuna a tsakar gida ta shuka 14, ta zaɓi masu kaurin kara, ya wadatar.

Abin da ba zan so mu bari ba shi ne inda rarar take ƙarewa. A Ingila, cikin Mayu, za ka ga tukwanen tumatir a bakin ƙofa an rubuta kowa ya ɗauka, ko ana sayarwa don taimakon makaranta. A wajenmu ba sai an rubuta ba. Yaro zai tsaya a bakin fangali ya ce, "Baba, ko akwai ragowar iri?" A ce masa, "Je ka cira, ɗana, Allah ya sa albarka." Da yawa ta haka suka fara noman rani ba su da ko sisin sayen iri. Tsada na iya koya mana ƙirga ƙwaya, kuma ya kamata mu koya. Amma duk wanda zai yi lissafin, ya sa kason maƙwabci a ciki tun ranar shuka.