Daga Afaka Zuwa Lakwaja: Tambayar Ɗan Ƙanƙara

A Funtuwa muka kwana, ni da ɗalibaina 'yan asalin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin babu uban da zai yarda ɗansa ya kama hanyar ƙauye kafin gari ya waye. Wannan kaɗai ya isa ya shaida wa mai karatu irin ƙasar da muka fito.

Zangonmu na farko shi ne Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da ke Afaka, Kaduna. An kafa ta a 1964, kwamandanta na farko kuwa Ba'indiye ne, Birgediya Varma. Mun tarar da samari da 'yan mata suna fareti, ƙafa ɗaya, murya ɗaya, har ƙasa tana amsawa. Ɗalibaina suka yi tsit suna kallo. Muna komawa mota, wani ɗan Ƙanƙara ya matso kusa da ni. Ya tuna mini daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta garinsu, da kuma watan Agustan 2021 da 'yan bindiga suka kutsa wannan makaranta suka kashe hafsoshi biyu. Ya ce, "Malam, idan har nan ma an shigo, mu wa zai tsare mu?" Na rasa abin cewa.

Kashegari muka nausa kudu zuwa Lakwaja, tsohuwar tashar jiragen ruwa. Daga kan Dutsen Patti muka hango inda Kwara da Binuwai suka haɗe, 'yan kwalekwale suna yawo inda a da jiragen Kamfanin Neja suke sauke kaya. A wannan gari ne, ranar 1 ga Janairu, 1900, aka sauke tutar kamfanin aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya shelanta mulkin Turawa a kan Arewa. Rundunar da ya fara haɗawa a 1897 ita ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Hafsoshinta Turawa ne, amma da yawa daga masu riƙe da bindigogin da Hausa suke magana.

Da la'asar muka ziyarci kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kawo nan: Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a 1926, da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi. Muka yi musu addu'a. A nan ne amsar da ta gagare ni a Afaka ta zo mini. Bindiga ba ta san gida ba, mai riƙe da ita ne ya san wanda yake karewa. Sojan Lugga albashi ya ɗaure shi, shi ya sa ya iya fasa ganuwar garin da ake jin harshensa. Abin da yankinmu yake bukata shi ne hafsan da ya san burtalan dajin Rugu, wanda mahaifiyarsa take kwana a Faskari, wanda gonar mahaifinsa a Sabuwa ta koma saura.

Kowace jiha tana da gurbinta a NDA, sai dai ba a shiga sai da sakamako mai kyau a Turanci da Lissafi, da lafiyar jiki. Saboda haka duk ajin da aka rufe a ƙauyukanmu, wani hafsan gobe muka rasa. Ina kira ga ƙungiyoyin ci gaban ƙananan hukumomin nan uku da masu hannu da shuni su ɗauki nauyin shirya yaranmu wa wannan jarrabawa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

A hanyar dawowa, mun wuce Zariya, ɗan Ƙanƙaran nan ya sake matsowa. Wannan karon cewa ya yi, "Malam, yaushe ake fara cike takardar? Ina da ƙane."