Takardu Biyu a Mararrabar Takieta

Daga Daura muka tsallaka iyaka ta Kwangwalam, muka bi ta Matamaye da Kance, la'asar sakaliya ta same mu a Takieta. Nan hanyarmu ta haɗu da babban titin da ya taso daga Yamai, ya ratsa Dosso da Maraɗi, ya nufi Damagaram har Diffa. Saura kamar kilomita 50 mu shiga birnin Damagaram, amma fasinja biyu sun sauka, direba kuma ya rantse ba zai motsa ba sai ya cike gurbinsu.

Muna zaune sai ga wani dattijo da ɗan littafin tikiti a hannu. Bai ɗaga murya ba, bai bugi jikin mota ba. Ya yago ɗaya, direba ya miƙa masa 'yan silalla, ya soke takardar a gaban sitiyari kusa da wata da ya karɓa a shingen kuɗin hanya. Ni da na saba ganin ana karɓar kuɗi a tasha babu ko ƙyallen takarda, sai na tambaya.

"Alhaji, ai ba aljihu ɗaya suke shiga ba," in ji direba. "Wannan na meri ne, wato ofishin magajin gari, kuɗin tasha. Wancan na gwamnati ne, kuɗin kwalta. In rami ya fasa mini taya a titin nan, Yamai zan zaga. In tasha ta cika da ruwa da damina, ga ofishin magajin gari can, da ƙafa zan je."

Wannan amsa ta burge ni ƙwarai. Mutumin ko firamare bai gama ba, amma ya san ƙofar da zai buga. Manyan hanyoyi na gwamnatin tsakiya ne, ita ke gina su, asusunta na gyaran hanyoyi ke cin kuɗin shinge, jandarmominta da 'yan duwan, wato kwastan, ke tsaron su. Tasha da kasuwa da harajin 'yan kabu-kabu kuwa na ƙaramar hukuma ne, wato Garagumsa, wadda mazauninta ke nan Takieta. Tun zaɓen 2004 irin waɗannan hukumomi suka samu majalisu na kansu, a 2011 kuma aka yanke Takieta daga Mirya ta zama gunduma mai cin gashin kanta.

Mu a gida, Allah na tuba, rami ɗaya sai ya shekara ana gardama ko na tarayya ne ko na jiha. Ƙaramar hukuma kuwa sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Yulin 2024 kan a riƙa ba ta kasonta kai tsaye.

Ba wai can aljanna ba ce. Kana sauka daga kwalta yashi ne har gwiwar jaki, kuma kuɗin tikiti ba za su zuba tsakuwa zuwa kowane ƙauye ba. A 2024 sojojin da ke mulki ma sun rushe zaɓaɓɓun majalisun, suka naɗa kantomomi. Na tuna wa direba wannan, ya ɗaga kafaɗa ya ce ofishin dai bai tashi daga inda yake ba.

Can wata mata ta iso da buhun gero da ɗanta, kujeru suka cika, muka ɗauki hanyar Tirmini rana na shirin faɗuwa.