Mun duba inji da fenti, mun manta da ran mai mota

Wannan rubutu ya yi mana nauyi, amma shiru zai fi nauyi.

Bara kafin Babbar Sallah, wani ɗan ƙungiyarmu ya tara kuɗin mota. Tsohon ɗan acaba ne, yana cikin waɗanda suka ajiye babur bayan gwamnatin Legas ta tsananta dokar hana acaba a 2022. Ya roƙi mu raka shi, tunda a ganinsa mun fi shi sanin mota. Mu uku muka je tare da bakanikenmu. Muka samu wata ƙaramar mota mai but, tokumbo daga Amurka. Muka saurari inji, muka leƙa ƙasa ko tana zubar da mai, muka kunna AC, muka ƙwanƙwasa bodi, muka yi ciniki har dillali ya sallama. Muka ce masa: "Malam, ka dace, Allah Ya sa alheri."

Sati uku bayan nan ya ɗauki iyalinsa daga Agege zuwa gida. Tsakanin Jebba da Mokwa wata mota ta fito wuce tirela, suka yi gaba da gaba. Shi da ya ɗaura bel ya tsira da karaya a ƙafa da haƙarƙari. Matarsa tana gaba riƙe da ɗansu mai shekara biyu a cinya, ba bel. Ita ta yi wata biyu a asibiti. Yaron bai kai asibiti ba. Allah Ya jiƙansa, Ya ba iyayensa haƙuri.

Da aka janyo motar, mai gyaran bodi ya buɗe tsakiyar sitiyari. Babu jakar iskar nan da makanikai ke kira iyabag, sai tsumma da aka cusa aka manne murfi. Ta gefen fasinja ma haka. Ashe motar ta taɓa haɗari tun a can, aka yi gwanjonta, aka gyara fuskarta. Fitilar dashbod da za ta tona asiri kuma an cire ƙwanta.

Mun yarda da ƙaddara, ba wanda ke wuce kwanansa. Amma mu huɗu muka kewaye motar nan kusan awa biyu, ba wanda ya yi tambaya ɗaya: idan aka yi karo, me zai sami na ciki? Tun daga lokacin muka shiga bincike, ga abin da muka samo.

Akwai ƙungiyoyi a duniya da aikinsu shi ne su sayi sabuwar mota, su zaunar da mutum-mutumi mai na'urori a ciki, su maka ta da shinge da gangan. A gwajin da aka fi sani, motar tana gudun kilomita 64 a awa, kuma kashi 40 cikin ɗari na gabanta ne ke dukan shingen, kamar yadda akan yi karo a hanyoyinmu idan direba ya yi ƙoƙarin kaucewa. Sai a auna dukan da kai, wuya, ƙirji da ƙafafu suka sha, a ba mota taurari daga sifili zuwa biyar.

Kilomita 64 a wurinmu ba gudu ba ne. Amma karo a wannan gudu kamar faɗowa ne daga tsayin mita 16, wato bene mai hawa biyar. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin dukan ninki huɗu yake yi. A tuna da wannan idan an fita Berger, allura ta haura 120 a hanyar Ibadan.

Mun taso muna jin cewa tsohuwar mota ita ce mai ƙarfe, ta yanzu gwangwani ce. Gwaji ya ƙaryata mu. A 2017 ƙungiyar ANCAP ta Ostireliya ta haɗa Toyota Corolla ta 1998 da ta 2015 gaba da gaba. Tsohuwar ta lotse har wurin zaman direba, sabuwar kuwa ɗakin fasinjanta ya tsaya. Dalili shi ne an ƙera gaban sabuwar mota don ya murƙushe ya shanye duka, a bar ɗakin mutane da ƙarfinsa. Idan mota ta ƙi lanƙwasa a gaba, jikin mutum ne ke biya. A 2016 ma an yi irin wannan a Amurka da ƙananan motoci masu but guda biyu na kamfanin Nissan: Tsuru da ake sayarwa a Meziko ba jakar iska, da Versa da ake sayarwa a Amurka. Kamfani ɗaya, sakamako kamar dare da rana. A 2017 aka daina ƙera Tsuru.

A nahiyarmu, ƙungiyar Global NCAP ta fara gwada motocin da ake sayarwa a Afirka a 2017, tare da ƙungiyar AA ta Afirka ta Kudu. A zagayen farko Toyota Etios ta samu taurari huɗu wajen kare manya, Datsun Go+ ta samu ɗaya, Chery QQ3 ba ta samu ko ɗaya ba. A 2019 Honda Amaze, ƙaramar mota mai but, ta samu huɗu wajen manya amma ɗaya kacal wajen yara. Suzuki S-Presso, wadda muke gani ana haya da ita a Legas, sifili ta samu a Indiya a 2020, sannan wadda ake sayarwa a Afirka ta Kudu ta samu uku a 2022. Ke nan suna kaɗai bai isa ba: sai a san shekarar mota da ƙasar da aka ƙera ta dominta.

Sai dai taurarin nan na motar da ta fito daga kamfani ne. Wadda ta yi haɗari aka yi mata walda, aka cire jakar iska, ta bar taurarinta a inda ta faɗi.

Don haka kwamiti ya yanke shawara. Duk wanda za mu raka sayen mota, ko wanda zai ci bashin asusun ƙungiya don saye, sai an yi waɗannan:

A murɗa makulli a kalli fitilar jakar iska. Dole ta kama na ɗan lokaci sannan ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, akwai magana, a sa mai kwamfuta ya duba.

A ɗauki lambar chassis mai haruffa da lambobi 17 a bincika tarihin motar a intanet. Ta Amurka sau da yawa har hoton haɗarinta ana gani.

A buɗe bonet da but a nemi alamar walda ko sabon fenti a ƙashin mota.

A fizgi kowane bel da ƙarfi, na gaba da na baya, a ga ya cije.

A karanta lambobi huɗu na ƙarshe a jikin taya. Idan an ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na 2019.

Sauran kuma yana hannunmu, ba sai da kuɗi ba. Tun 2003 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke tilasta ɗaura bel, amma har yau da yawanmu sai mun hango jami'anta muke yafa shi a kafaɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwa har da kusan rabi. Yaro kuma wurinsa baya ne, a ɗaure, ƙarami a kujerar yara. Babu uwar da hannunta zai iya riƙe ɗa a lokacin karo, komai son da take masa.

Ɗan uwanmu shi ya ba mu izinin ba da labarinsa, ya ce kawai a sakaya sunansa. Da muka je neman afuwarsa, ya ce: "Ba ku da laifi, amma kada ku sake raka wani haka."

Tafiyar Sallah na tafe. Duk mai mota da ke son a duba masa, ya zo ofishin ƙungiya ranar Lahadi bayan la'asar. Bakanike da mai kwamfuta za su zo, ƙungiya ce za ta biya. Allah Ya kai mu gida lafiya, Ya dawo da mu lafiya.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti