Kafin A Ɗora Kyamara, Labarin Na Wane Ne?

Duk lokacin da aka ambaci doka a gaban masu shirya finafinan Hausa, hankalinsu kan hukumar tace finafinai yake komawa. Ban ga laifinsu ba. Tun da aka kafa ta Jihar Kano a 2001, bayan ta tarayya da ke nan tun 1993, an ga kame, an ga tara, an ga dakatarwa, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai shekarun da na yi ina koyar da aikin watsa labarai sun nuna mini cewa dokar da ta fi cin dukiyar furodusa a ɓoye take, kuma tana fara aiki tun ranar da wani ya ce masa, “Ina da labari.”

Kowace shekara ina karɓar tsarin aikin fim daga ɗalibaina, tare da kasafin kuɗinsa. Za ka ga kuɗin hayar kyamara, da man janareta, da abincin ma’aikata, har da na ruwan leda. Da wuya ka ga layi ɗaya da aka ware don sayen haƙƙin labari ko na waƙa, balle ladan lauya. Daga manya suka gani.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba wa hannu a watan Maris na 2023, ita ta maye gurbin ta 1988. Abu na farko da ya kamata marubuci ya sani game da ita shi ne ba ta kare tunanin da ke cikin kai, sai abin da aka rubuta ko aka naɗa. Wanda ya zauna a majalisa ya kwashe labarinsa kaf ya faɗa wa furodusa da baki, bayan wata shida ya gan shi a talabijin, ba shi da abin riƙewa a kotu in ba wata yarjejeniya a tsakaninsu. A Amurka, marubuci Art Buchwald ya kai kamfanin Paramount ƙara a kan fim ɗin Coming to America na 1988, kuma kotu ta ba shi gaskiya a 1990. Abin da ya cece shi takardar da suka sa wa hannu ce shekaru kafin a yi fim ɗin, wadda ta ce za a biya shi idan aka gina fim a kan taƙaitaccen labarin da ya miƙa.

Abu na biyu ya fi shafar furodusa, kuma shi ne na ga mutane sun fi mamaki in na faɗa. Doka ta ce ba a sayar da haƙƙin mallaka, ba a kuma ba mutum izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, sai a rubuce. Izinin baka yana nan, amma ba ya hana mai abu ya ba wani irinsa. Wato furodusan da ya tura wa marubuciya kuɗi ta banki, ta miƙo masa rubutu, suka rabu da “Allah ya sa albarka,” bai mallaki labarin ba. Takardun da ke hannunsa nasa ne, labarin kuwa yana wurin mai shi, kuma tana iya kai shi wa abokin hamayyarsa gobe. Mun saba ɗauka cewa cinikin baka marubuci yake cuta. Yana cutarsa, amma wanda ya zuba miliyoyi a kan filin da ba shi da takardarsa ya fi shi shiga haɗari.

Na san wata tsohuwar ɗalibata da ta ba wani furodusa labari a kan za a yi fim guda mai kashi biyu. Da ya karɓu, aka mayar da shi mai dogon zango, aka ɗauko wasu marubuta suka ci gaba da jan taurarin da ta ƙirƙira, sunanta ya ɓace daga allo. Ta zo tana tambayata ko tana da magana. Tana da ita, domin doka ta ba mawallafi haƙƙin a ambaci sunansa a jikin aikinsa, kuma ba ta taɓa sa hannu a kan ta sayar ba. Amma shari’ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, ita kuwa ba ta da kuɗin lauya, tana kuma tsoron a daina karɓar rubutunta a masana’antar. Ta haƙura. Shi ma furodusan bai tsira ba, don duk ranar da wani babban kamfani ya nemi sayen shirin, tambayar farko ita ce ya nuna takardar da ta mallaka masa labarin.

Sai tsofaffin littattafai da waƙoƙi, waɗanda muke yi wa kallon kayan gado na kowa da kowa. Haƙƙin rubutu da na waƙa yana ɗorewa shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai shi ya rasu. Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce suna cikin kariya har ƙarshen 2051. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, sai ƙarshen 2036. Waƙoƙin Mamman Shata, da ya rasu a 1999, sai ƙarshen 2069. Daraktan da ke son jin muryar Shata a bayan fagen biki dole ya binciko mai haƙƙin waƙar, sannan ya binciko mai haƙƙin faifan da aka naɗe ta, domin abubuwa biyu ne daban, kuma ba lallai su kasance a hannun mutum ɗaya ba. Wannan bincike yana cin watanni. In aka bar shi sai an gama ɗauka, mai haƙƙi ne zai yanka farashin da ya ga dama, tun da ya san ba ka da mafita.

Finafinan Indiya ma haka. Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993, Indiya na ciki tun da daɗewa, don haka fim ɗin da aka yi a Mumbai yana da kariya a Kano. A zamanin kaset da faifan CD babu mai biyo sawu har Ƙofar Wambai. Yanzu kasuwar ta koma YouTube, inda na’ura ke gane sautin da aka ɗauko, ta karkatar da kuɗin talla zuwa ga mai shi, kuma gargaɗi uku na keta haƙƙi ya isa a rufe tasha da duk abin da ke cikinta.

Sauran batutuwan sanannu ne: rajistar kamfani, izinin mai gidan da za a ɗauki fim a cikinsa, yardar iyaye a rubuce in za a sa yaro, da kauce wa labarin da za a gane wani mai rai a cikinsa har ya yi ƙarar ɓata suna. Wanda zan ɗan tsaya a kai shi ne na jarumai. Fim mai dogon zango yana ɗaukar shekaru, a cikinsu jaruma tana iya yin aure, jarumi yana iya neman ƙari ko ya ɓata da darakta. Mun sha ganin an wayi gari an sauya fuska a tsakiyar shiri, masu kallo suna ta tambaya. Tun a teburin shiri ya kamata a rubuta zango nawa mutum ya ɗauka, nawa za a biya shi, da abin da zai faru in ya fita.

Uzurin da na fi ji shi ne kunya: wai neman sa hannu tamkar ka ce wa ɗan’uwanka ba ka yarda da shi ba ne. Wannan uzuri yana ba ni mamaki daga al’ummar da ta san cewa aya mafi tsawo a Alƙur’ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Muna rubuta cinikin fili a gaban mai unguwa ba mu ji kunya ba.

Ba kowane furodusa ne zai iya ɗaukar lauya ba, wannan gaskiya ne. Shi ya sa nake ganin aikin na ƙungiyoyi ne. MOPPAN da reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ANA za su iya zama da lauyoyi biyu ko uku su fitar da samfurin yarjejeniya da Hausa, shafi biyu, wanda kowa zai saukar a wayarsa. Ya fayyace ko sayarwa aka yi ko aro, na fim guda ne ko har da ci gabansa da fassararsa, a ina za a nuna shi, nawa ne kuɗin da ranar biya, da yadda za a rubuta sunan marubuci. A kuma sa sharaɗin cewa idan shekara biyu ta wuce ba a fara ɗauka ba, labarin ya koma hannun mai shi, domin na san rubuce-rubuce masu kyau da ke kwance a durowar furodusoshi, an ba da kafin alƙalami an yi shiru, masu su kuma ba su san ko suna da ikon kai su wani wuri ba.