Yadda Na Yi Dogon Hutuna Ina Jinyar Inna

Da muka komo daga dogon hutu na shekarar 2025, malaminmu na Hausa ya ce kowa ya rubuta yadda ya yi hutunsa. Waɗansu suka ba da labarin biki, waɗansu na zuwa Kano ko Kaduna wajen 'yan'uwa. Ni kuwa 'yan layuka kaɗan na rubuta na miƙa, don a lokacin zuciyata ba ta iya ɗaukar faɗin abin da na gani. Yanzu da hankali ya kwanta, Inna kuma ta yarda, na ga ya kamata in ba da labarin, ko Allah ya sa ya amfani wani. Ina roƙon iyayenmu su gafarce ni in na ambaci abin da ba a saba jin yaro ya ambata ba.

Ni 'yar Dutse ce, shekaruna 16, kuma ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Kowa ya san yadda uwa take da ɗan fari a ƙasar Hausa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba. In tana nemana sai ta ce da ƙanena, "Kira mini waccan." A ɗakin Kaka na girma. Baba tela ne, Inna kuwa sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da su take yi mini sayayya duk sa'ad da zan komo makaranta.

Wajen kakar 2024 Inna ta ji wani ɗan ƙullutu a mamanta na hagu. Ba ya ciwo, saboda haka ta yi shiru da bakinta har wata biyar. Sai cikin azumi, a watan Maris na 2025, ta faɗa wa Kaka. Baba ya kai ta Asibitin Rasheed Shekoni da ke nan Dutse, aka ɗebi ɗan naman wurin aka auna, aka ce ciwon daji ne, wato sankarar mama. Daga nan aka tura ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A watan Mayu aka yi mata aiki, aka cire maman, aka kuma cire waɗansu 'yan ƙwayoyi na hammata, irin waɗanda in sun kumbura muke cewa kaluluwa. Duk wannan ina makaranta ban sani ba, don Baba ya hana a gaya mini sai na gama jarrabawa.

Da na isa gida ƙarshen watan Yuli, sai na tarar da tsakar gida shiru, babu ƙanshin suya, an kife kasko a jikin bango. Kaka ta ja ni ɗaki ta gaya mini kome. Ta ce an riga an fara yi wa Inna wani magani mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa, ana ce masa kemo. Sau shida za a yi, kowane bayan mako uku. Ta ce ita ta tsufa ba ta iya zirga-zirgar Kano, saboda haka ni zan riƙa bin Baba.

Ranar da na fara raka su, mun tashi da asuba, muka bi ta Kwanar Huguma da Wudil. Wata malamar asibiti ta gan ni riƙe da jakar Inna, ta ce, "Ke 'yar makaranta ce? To, nemi littafi." Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce shi wannan magani yana farautar ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa ne, don haka ƙwayoyin daji suke. Amma saiwar gashi, da fatar cikin baki, da ta hanji, da ɓargon da ke yin jini, su ma masu saurin hayayyafa ne, shi ya sa maganin yake taɓa su. Ta ce yawancin wahalar ta ɗan lokaci ce, kuma akwai dabarun rage ta a gida. Na sayi littafin rubutu, na riƙa rubuta abin da Inna ta ci, da abin da ta sha, da zafin jikinta safe da yamma.

Abu na farko da muka yi fama da shi tashin zuciya ne. Daga kwana na biyu zuwa na biyar bayan kemo, ko ƙanshin albasa Inna ta ji sai amai. Muka mai da murhu can bayan gida. Na koyi ba ta maganin amai a kan lokacin da likita ya rubuta, ba sai zuciyar ta tashi ba. Maimakon tuwo malmala guda, sai in ba ta abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini: koko marar yaji, kunun gyaɗa, farar shinkafa, dafaffen ƙwai, da dabinon nan namu na Dutse bayan na wanke shi sarai. Abinci in ya huce ya fi shigar mata, don ba ya tururi. Ruwan citta mai ɗumi ya taimaka mata ƙwarai. Ruwa kuwa kurɓi-kurɓi take sha duk yini. Akwai wani jan magani cikin waɗanda ake sa mata, wanda ke sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu. Da ba a gargaɗe mu ba, da mun ce jini ne.

Na biyu shi ne gyambon baki. Bakinta ya yi ƙuraje har ba ta iya tauna. Muka ajiye asuwaki muka sayo buroshi mai laushi irin na yara. Bayan kowane cin abinci, da kuma kafin barci, sai in zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi guda na ruwan ɗumi ta kurkure baki. Muka raba ta da barkono, da tsamiya, da lemon tsami, da duk abin da ke da zafi ko tauri. Mai yin ƙuli-ƙuli ta zama ba ta iya cin ko ɗaya.

Na uku gashi ne. Wata safiya ina gyara mata shimfiɗa sai na ga gashi dunƙule-dunƙule a kan matashin kai. Na tattara na ɓoye a hannu, na ɗaga ido sai na ga tana kallona. Ba ta ce kome ba, ni ma ban ce ba. Da yamma Kaka ta aske mata sauran. Baba ya ɗinko mata huluna na yadin auduga mai laushi tana sawa ƙarƙashin ɗankwali. Malamar asibiti ta riga ta gaya mana zai sake fitowa in an gama maganin.

Na huɗu hannunta na hagu ne. Tun da aka cire ƙwayoyin hammata, ruwan jiki ba ya komawa sosai daga hannun, yana iya taruwa ya kumbura shi. Aka koya mana ta tsaya gaban bango tana tafiya da yatsunta sama sannu-sannu, kullum ta ƙara kaɗan. Na sa gawayi ina yin alama a inda ta kai. In ta kwanta sai in ɗora hannun a kan matashi. Ina shafa mata man kaɗanya kada fatar ta tsage, muna kuma tsare hannun daga yanka da ƙuna da cizon sauro. Daka da jan guga duk na karɓe su. Amma ba mu bar ta kwance kullum ba, don an ce ɗan tattaki yana rage kasala. Da la'asar sai ta zaga tsakar gida sau biyar ko goma.

Abin da ya fi duka hatsari shi ne zazzaɓi. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, suna raguwa ƙwarai, har ƙaramar cuta ta iya kayar da mutum. Ga shi kuwa damina ce. Muka riƙa tafasa ruwan sha, muka daina ba ta ɗanyen ganye da nonon da ba a dafa ba, kullum kuma cikin gidan sauro take kwana. Masu zuwa dubiya in suna mura sai Kaka ta tare su a zaure da dabara. An ja mana kunne cewa in ma'aunin zafi ya kai 38, kada a jira gari ya waye, kada kuma a ba ta maganin zazzaɓi a koma barci.

Kwana goma bayan zagaye na uku, cikin dare ana ruwa, na ji haƙoranta suna kaɗawa. Na sa ma'auni na haska da tocila, na ga 38.6. Na je na buga wa Baba ƙofa. Ya ce, "Ba ma bari da safe ba?" Ban taɓa yi wa Baba musu ba, amma a daren nan na ce, "Baba, ka yi haƙuri, cewa aka yi ko da tsakar dare ne." Ya dube ni, ya ɗauki hularsa ya fita ya taso maƙwabcinmu mai mota. Kwana huɗu ta yi a asibiti ana yi mata allurai. Likita ya ce da mun kai safe da abin ya yi muni.

Da muka komo gida sai Inna ta ce ita ta gama. Ta ce da Baba, "Malam, maganin nan ya fi ciwon wuya. A bar ni haka, kada a ƙarasa sayar da abin da yara za su ci." A lokacin kuwa tumakinta duk sun tafi, har da keken ɗinki ɗaya cikin biyu na Baba. Goggo ta zo da ƙullin saiwoyi, ta ce, "Yaya, ai tun farko na faɗa, daji ba ya son ƙarfe. Tun da aka taɓa shi da wuƙa me ake jira?" Ba don ƙiyayya ta faɗa ba, abin da ta tashi ta ji ke nan. Amma mu an gaya mana cewa jinkiri ne ke ba ciwon damar yaɗuwa, ba wuƙar likita ba, kuma jiƙe-jiƙe suna iya karo da maganin asibiti su wahalar da hanta ko ƙoda.

Ni dai ba ni da bakin yi wa Inna magana. Sai na ɗauko littafina na kai wa Kaka, na ce ta duba. Kaka ta ce, "Ni ina na iya boko? Zauna nan ki karanta da ƙarfi." Ta zaunar da ni a bakin ƙofar Inna. Na karanta tun daga farko: ranar kaza ba ta ci kome ba, ranar kaza ta sha koko rabin kofi, ranar kaza ta ci tuwo, ranar kaza ta share ɗaki har ta yi wa ƙanena faɗa. Kowane zagaye haka yake, kwanaki kaɗan na wuya, sa'an nan sauƙi ya biyo. Alamar gawayi a bango kuma ta haura da fiye da taƙi guda. Na yi shiru. Can sai na ji muryarta daga ciki, ba ta hanyar kowa ba, ta ce, "Saura nawa?" Na ce, "Saura uku, Inna." Ta ce, "To, Allah ya nuna mana."

Da muka koma Kano likita ya duba littafin, ya sake mata maganin amai, zagaye na huɗu ya zo da sauƙi. Tambaya rabin ilmi. Da mun san ana iya sakewa, da tuni mun yi magana. Da hutu ya ƙare na danƙa wa ƙanena littafin, Goggo kuma ita ta karɓi girki, ta ajiye saiwoyinta.

Inna ta gama kemo a watan Oktoba. Bayan haka aka tafi da ita wani gari mai nisa aka yi mata gashi da na'ura, don ba kowane asibiti ke da ita ba. Fatar wurin ta yi duhu tana ƙaiƙayi, ga hunturu. Aka ce ta sa riga sakakkiya ta auduga, ta wanke wurin da ruwan ɗumi ba tare da soso ba, kada ta sosa, kada kuma ta shafa kome sai abin da likita ya yarda. Yanzu tana shan wata ƙwaya kullum, wadda aka ce za ta yi shekara biyar tana sha, tana kuma komawa asibiti a duba ta. Ba mu ce an rabu ba, sanin gaibu sai Allah, amma ta koma cin tuwonta, gashinta kuma ya fito lallausa kamar na jariri.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, wannan ciwo ba na gidanmu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata wajen miliyan 2 da dubu 300 aka samu da shi a duniya, wajen 670,000 kuma suka rasu. A Nijeriya shi ne dajin da ya fi kama mata. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta wanke kayan mai shi, saboda haka kada a guji marar lafiya. Iyayenmu mata kuwa ina roƙonku, duk wadda ta ji ƙullutu, ko ta ga fata ta sake, ko jini na fitowa, ta tafi asibiti ko da ba ya ciwo. Kunya ado ce, amma wata biyar da Inna ta yi shiru har yau Baba yana jin ciwonsu.

Har yanzu dai Inna ba ta kira sunana ba. Amma ranar da zan komo makaranta bayan hutun Disamba, ina ɗaure akwati na ji ta ce da ƙanena, "Ce wa likitar gidan nan ta zo ta shafa mini mai kafin ta tafi." Na je na shafa mata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.