Sabon keke ba ya zama naka sai ka daidaita shi da jikinka

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu zuwa Unimaid daga cikin gari kullum. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, amma wanda ya sayi keke ko yake shirin saya, ya daure ya karanta har ƙarshe.

Mu a Maiduguri keke ba sabon abu ba ne. Tun da gwamnatin Borno ta hana hawa babur a 2011, abin hawan talaka ya koma Keke Napep da keken ƙafa. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, kowa ya san yadda kuɗin Napep ya koma. Ni daga Umarari nake zuwa makaranta, hawa biyu zuwa, hawa biyu dawowa. Ɗalibin digiri na biyu kuma ba lakca kaɗai ke kai shi ba. Yau malamin da ke duba aikinka ya ce ka zo, gobe kana ɗakin karatu na Ramat, jibi a ce an ɗage zaman sai wani mako. Da na haɗa lissafin zango ɗaya, sai na ga kuɗin ya kusa sayen keke, don haka na saya.

Irin wanda ake kira haibirid na ɗauko, wato tsaka-tsaki tsakanin keken tsere da keken hawan dutse. Kansa miƙaƙƙe ne, yana da giya, tayarsa ta fi ta tsere kauri amma ba ta kai ta hawan dutse ba. A cikin 'yan ajinmu mu huɗu muka sayi irinsa. Biyu sun riga sun jingine nasu, ɗaya ya ce gwiwa, ɗaya ya ce baya da wuyan hannu. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan: kekunan lafiyarsu ƙalau, daidaitawa ce ba a yi ba. Mun taso da Phoenix da Rali, waɗanda kake zama a miƙe kamar kana kan kujera, kuma duk gida keke ɗaya ake hawa, dogo da gajere. Wannan ba haka yake ba, sai an auna shi da mai shi kamar ɗinkin tela.

Na farko, tsayin sirdi. Masu shago sun fi barinsa ƙasa, don mai saye ya zauna ya ga ƙafarsa ta taka ƙasa hankalinsa ya kwanta. Haka aka miƙo mini nawa, kuma cikin kwana uku gaban gwiwata ya fara magana. In sirdi ya yi ƙasa, gwiwa ba ta miƙewa, kullum a lanƙwashe take ture feda. Gwajin ba wuya: ka jingina da bango, ka hau, ka ɗora dunduniya a kan feda, ka juya ta har ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In ka dawo da gaban tafin ƙafa kan feda, yadda ake tuƙi, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, to haka ake so. Masu son lissafi kuma, akwai ƙa'idar da ake dangantawa da Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci tseren Tour de France sau uku: ka auna tsayin cikin ƙafarka daga ƙasa zuwa matsematsi, ka ninka da 0.883. Nawa santimita 82 ne, ya ba ni kusan 72, daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Sai dai a lura, akwai layi a jikin ƙarfen sirdin da ba a ɗaga shi ya wuce. In ka kai layin kuma har yanzu ya yi maka ƙasa, keken ne ya yi maka kaɗan.

Na biyu, zama. Gaskiya makon farko mazaunai za su yi tsami, ko wane irin sirdi ne, kuma yana wucewa. Wanda ba ya wucewa shi ne in sirdin ya karkata. In bakinsa ya kalli ƙasa, za ka riƙa zamewa gaba, nauyinka ya koma hannu, yatsu su riƙa mutuwa. In ya kalli sama, zai danne ka inda bai kamata ba. A miƙe ake barinsa. Kada kuma a yi saurin ɗora masa soso mai kauri. A tafiya mai nisa, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, gumi da gogayya kawai yake ƙarawa. Ni abin da ya fi sauƙaƙa mini baya shi ne kariya da na sa aka ɗaura, jakar kwamfuta ta sauka daga kafaɗata. Sannan ka saki gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, ita ke shanye girgizar ramuka. Ka naɗe ƙafar wandon dama don sarƙa. 'Yan uwa mata masu hawa, a tattare hijabi kada ya kai ga wilin baya.

Iskar taya ma cikin jin daɗin take. Ma'auninta na rubuce a gefen tayar. Masu faci sun saba da Napep, in ba ka yi magana ba sai su ɗura har ta zama dutse. A kwalta babu laifi, amma a rairayin layukan unguwarmu taya mai tauri nutsewa take tana zillo. Ni nakan tsaya a tsakiyar abin da aka rubuta. Ka duba bawul ɗinka kuma, in siriri ne irin na kekunan tsere, famfon mai faci ba zai kama shi ba sai da ɗan mahaɗi. Ka saya ka ajiye a jaka, don ƙayar tsidau ba ta sallama.

Na uku, birki, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci. Ciwon gwiwa zai sa ka ajiye keke ne kawai, birki kuwa maganar rai ce. Duk wanda ya bi hanyar Baga ko wajen Kwastam da safe ya san mai Napep ba ya neman izini kafin ya tsaya ɗaukar fasinja a gabanka.

Tun kafin ka hau, ka san wane hannu ke riƙe tayar gaba. Kekunan da aka haɗa don Ingila da Japan galibi dama ce gaba, na Amurka da yawancin Turai kuma hagu. Tunda namu daga ko'ina ake kwaso su, ba ka da tabbas sai ka gwada: ka matse hannu ɗaya, ka tura keken, ka ga wace taya ta tsaya. Wanda ya saba da babur ya ƙara kula, don a babur dama ce gaba. In naka ya zo akasin abin da hannunka ya sani, mai gyara zai iya musanya wayoyin.

Birkin Phoenix na sanda sai ka matse da ƙarfinka kafin ya ji. Na wannan da yatsa biyu yake kamawa. Da yawa suna tsoron na gaba, wai zai wurga su ta kan keke, alhali shi ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Na baya kaɗai jan ƙasa yake yi. Yadda na saba da shi: in matsa duka biyun a hankali ina ƙarawa, in tura jikina baya, hannuwa a dafe. Na yi ta maimaitawa a fili da yamma har hannu ya haddace. Amma a cikin rairayi ko kana tsakiyar kwana, ka sassauta na gaba, nan ne yake kayar da mutum. Ka rage gudu tun kafin ka shiga.

In birkinka na faifai ne, sabo ba ya kamawa sosai sai ya goge. Ka ɗan yi gudu, ka matsa har ka dawo saurin mai tafiya a ƙasa ba tare da ka tsaya cik ba, ka maimaita kamar sau ashirin ga kowanne. Kada mai ya taɓa faifan, ko lokacin da ake sa wa sarƙa. In na roba ne mai kama gefen wili, ka duba robar tana sauka a kan ƙarfen, ba ta gogar taya. Bayan mako biyu ko uku wayar za ta saki, hannun birkin ya fara zuwa kusa da kan keke. Ba lalacewa ya yi ba. Akwai ɗan noti a inda wayar ta fito, ka warware shi kaɗan, zai dawo. Lokacin hazo kuma a yawaita gogewa, ƙura na cin robar.

Duk wannan aikin alanki ne da sifana, da ɗan abin da za ka sallami mai gyara. Ka canza abu ɗaya, ka hau kwana biyu, sannan ka taɓa na gaba, don ka san wanne ya yi aiki. Ni dai yanzu ina wata na uku, gwiwa ta yi shiru, kuɗin Napep kuma ya koma buga takardun bincike.

Wanda nasa ke jingine a ɗaki, ya fito da shi ranar Asabar mu auna tare. Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, Ya sa mu gama karatun nan a sa'a.