Ranar Sallama Daga Asibiti Ake Fara Jinyar Shanyewar Ɓarin Jiki

Mutanenmu da yawa suna zaton idan asibiti ya sallami mai shanyewar ɓarin jiki, to, abin da ya rage sai a shimfiɗa masa tabarma, a riƙa yi masa sannu. Alhali kuwa a ranar ne nauyin jinya yake komawa wuyan iyali.

Ita wannan cuta tana aukuwa ne idan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. In a hagun ƙwaƙwalwa abin ya faru, daman jiki ne ke shanyewa. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta. Amma ƙwaƙwalwa tana iya koya wa sassanta masu lafiya aikin waɗanda suka lalace, muddin ana maimaita motsi. An fi samun sauƙi cikin watanni 3 zuwa 6 na farko, ko da yake ana ci gaba da samu bayan haka.

Na ga gaskiyar wannan a gidan kawuna da ke Damare, kusa da Yola. Da aka sallamo shi, hannunsa na dama ko cokali ba ya riƙewa. Zuwa sashen gashi na asibiti a Jimeta kullum kuwa, kuɗin Keke Napep kaɗai ya isa ya karya mai ƙaramin ƙarfi. Sai likitan gashi ya koya wa matarsa da 'ya'yansa abin da za a riƙa yi a gida.

Da safe, yana kwance, yakan sarƙe yatsun hannuwansa biyu, mai lafiya ya ɗaga maras lafiya sama, sau goma. Sa'an nan ya lanƙwashe gwiwoyi ya ɗaga ƙugu daga katifa. Da hantsi sai tashi da zama a kujera mai ƙwari, ɗansa na tsaye ta gefen da ya shanye. Da la'asar a zuba masa gyaɗa a faifai, ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya yana sa wa a kwano, ko ya ja carbi da hannun. Likitan ya gargaɗe su kada a kuskura a ja shi ta wannan hannu, domin kafaɗa tana saurin gocewa, kuma kada ya daina shan maganin hawan jini.

Abin da ya fi wuya shi ne tausayi. Maƙwabta sukan ce ana wahalar da dattijo. Ran nan ya yi fushi ya ture faifan, sai matarsa ta ce, "Malam, in na ba ka a baki yau, gobe ma sai na ba ka." Ta yi gaskiya, domin hannun da aka hutar da shi yakan ƙara sandarewa. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan wata biyar ya soma yin alwala da kansa, yana dogara sanda zuwa ƙofar gida. Har yanzu yana jan ƙafa, yatsunsa kuma ba su gama sakewa ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in kana da majinyaci irin wannan, kada ku baro asibiti sai mai gashi ya nuna muku motsin da ya dace da shi, don kowane da irin nasa. In kuma kun ga baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya saki farat ɗaya, a garzaya asibiti nan take. Muna kuma kira ga hukuma ta kai ma'aikatan gashi ƙananan asibitocin karkara, inda talakawa suka fi yawa.